Ta'aziyyar da Muka Yi wa Baƙin Bature a Ketare

Shekarun baya da yawa, zamanin da kuɗin man fetur suka fara malala a ƙasar nan har kowa ya wayi gari ɗan kwangila, ni direban gwamnati ne a Kaduna. Lokacin duk yankinmu ƙarƙashin Kaduna yake. Wata tsohuwar Landiroba nake ja, kuma abin da ya sa ake yawan zaɓena in an yi baƙi shi ne wai ina jin Turanci. Tsakani da Allah, Turancin nawa na aji bakwai ne, sai ɗan abin da na tsinta wurin Turawan kamfanin hanya. Amma a cikin direbobi hakan ma ya isa a riƙa kallona kamar wani shehi, ni kuma ban taɓa musantawa ba.

Wata safiya cikin damina aka kira ni ofis, aka ce zan zaga da wani baƙo daga Amurka yankin Faskari da Sabuwa da Kankara, tunda ni ɗan Ketare ne, wani gari kusa da Kankara, na san hanyoyin. Aka haɗa mu da wani matashin jami'i na gidan talabijin wanda ya yi karatu a waje, shi ne tafinta. Na wanke mota, na goge kakina, na tsaya ina jiran in ga Bature jajawur. Sai ga wani dattijo dogo, baƙi wuluk kamar ni, da tabarau da furfura a gefen kunne. Na rusuna na gaishe shi da Hausa. Ya yi murmushi ya amsa da wani irin Turanci da ke fita ta hanci, wanda ban kama ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Daga nan ruɗewata ta soma.

A hanya na tambayi jami'in a hankali, "Oga, wai mene ne aikin mutumin nan?"

Ya ce, "Marubuci ne."

Na ce, "Littattafan makaranta yake rubutawa?"

"Bai taɓa rubuta littafi ba. Wasan talabijin yake rubutawa. Kuma shi ne uban tafiyar shirin gaba ɗaya, shi ke ɗaukar 'yan wasa, shi ke sallama, ba a yin komai sai da izininsa."

"To yana fitowa a ciki?"

"Ko sau ɗaya."

Na ci gaba da tuƙi. Ku da kuka taso da talabijin a cikin aljihu ba za ku gane ba. Ni a lokacin ta tagar gidan wani babban ma'aikaci nake ɗan leƙa ta, kuma 'yan wasanmu da nake gani kowa ya san daga kansu suke zuba magana. Ban ga inda za a ce wani ya zauna ya rubuta wa baligi abin da zai faɗa wa matarsa ba, har kuma a biya shi. Jami'in ya ƙara da cewa gwamnati ce ta ɗauko shi ya koya wa yaranmu wannan aiki, shi kuma ya ce ba zai koya wa kowa komai ba sai ya ga yadda mutanen da za a yi wa wasan suke zama da cin abinci.

Muna isa Funtua jami'in ya haɗu da wani abokinsa a gidan mai. Suka keɓe suka yi ta ƙus-ƙus, na ji ana ambaton siminti. Da ya dawo sai ya ciro jakarsa daga mota, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma ai kana jin Turanci. Ku yi gaba, zan same ku a Kankara ranar Juma'a." Kafin in buɗe baki ya shige motar abokin. Aka bar ni daga ni sai Baƙin Bature, kamar yadda mutane suka raɗa masa tun daga tashar farko.

Mutumin kirki ne, amma ban taɓa ɗaukar baƙo mai wuyar ganewa irinsa ba. Sauran baƙi sukan so a kai su wurin dutse ko kogi su ɗauki hoto. Shi kuwa a kasuwar Faskari sai ya je ya zauna kan benci a rumfar wani wanzami, ya kasa kunne ana gardama kan wata akuya da ta shiga gonar wani. Ba ya jin ko "zo in kashe ka", amma in aka zo wurin dariya, da shi ake yi, wani lokacin ma ya riga kowa. A Tafoki ya sa ni in tambayi wani magidanci a kan me suka fi yin faɗa da matarsa. Na ce masa ba a yin wannan tambayar. Ya ce to in tambaya wa ke fara sa hannu a kwano. Magidancin ya dube ni ya ce, "Wai wanga baƙo naka ɗan leƙen asiri ne?" Na ce a'a, amma a raina ni ma ban tabbata ba.

In muna tafiya yakan ba ni labarin kansa, ni kuma in yi ta gyaɗa kai ina cewa "yes sa", alhali kashi ɗaya cikin uku nake kamawa. Da kunnena ya ɗan saba da hancin nasa, ga abin da na tattara. A wani gari mai tsananin sanyi aka haife shi. Mahaifinsa ɗan dako ne a jirgin ƙasa, mahaifiyarsa wanki da guga take yi wa masu kuɗi. Tun yana saurayi ya fara rubuta barkwanci yana sayar wa masu ban dariya a rediyo. Wannan sai da na sa ya maimaita, don ban san ana sayen barkwanci ba, mu nan kyauta ake yinsa har ya yi yawa. Daga nan ya shafe shekaru a wani ɗaki tare da wasu marubuta, duk farare sai shi kaɗai, aikinsu su wuni suna gardama da shan taba. Ya ce sau da yawa zai kawo magana a yi kamar ba a ji ba, can wani fari ya maimaita ta a tafa masa. Daga ƙarshe, in ji shi, ya samu aka ba shi dama ya yi nasa. A nan kalmomi biyu na fi ji suna ta dawowa, gida da iyali. Sai na ɗauka cewa yake ya yi arziki ya gina gida ya yi aure, na ce masa madalla.

Kusa da Sabuwa mota ta kafe a wani kwari. Rana tsaka ce, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi caɓi. Na yi duk dabarar da na sani, taya sai ƙara nutsewa take. Wani manomi ya ce zai je ya ɗauko shanun huɗarsa, muka zauna kan wani falalen dutse muna jira. A nan ne baƙon ya ciro wani hoto daga jakarsa ya miƙo mini.

Hoton mutane ne a cikin falo mai kyau. Ga wata mata mai jiki, mai fara'a, zaune a tsakiya. Ga wani mutum tsaye ya dafa kafaɗarta. Ga yara uku. Shi kuma baƙona yana gefe, yana dariya, furfurar ba ta kai ta yanzu ba.

Ya ce, "Iyalina ke nan." Sai ya ɗora yatsa kan matar ya ce, "Ta rasu. Ba a daɗe ba."

Na ce, "Innalillahi." Na cire hulata.

Ya ci gaba da magana, muryarsa ta sauya. Ya ce shekara da shekaru kullum suna tare, tun safe har yamma. Ya ce ko wata ba a yi da rasuwarta ba, manya suka kira shi suka ce za a kawo wata mace a zaunar a kujerarta, yaran su riƙa ce mata uwa, a ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ya ce bai yarda ba. Sai suka kore shi daga gidan da shi ya gina da hannunsa.

Na ce, "Yaran fa?"

Ya ce, "Suna can. Ba na ganinsu yanzu."

Na nuna mutumin da ya dafa kafaɗarta na ce wannan fa? Ya faɗi wata kalma da na ji kamar "mijinta". Na ce a raina lallai hancin nan ne ya sake yaudarata, ƙila wanta ne ko kawunta. Ban sake tambaya ba, don ba a tsananta wa mai makoki. Amma na yi ƙarfin hali na ce, "An yi jana'iza lafiya?"

Ya dubi gonar dawa da ke gabanmu ya ce, "Ban je ba."

Shanu suka iso aka fid da mota. Muka kama hanyar Kankara ina ta juya abin a raina. Mutum ya rasa matarsa, an raba shi da 'ya'yansa, an kore shi daga gidansa, ko maƙabarta bai raka ta ba, ni kuma ina ta yawo da shi cikin taɓo ina jin haushin tambayoyinsa. Sai a lokacin na ga kamar na gane dalilin da ya sa yake son jin yadda miji da mata ke faɗa. Kewa ce.

Na sauke shi a gidan saukar baƙi, na wuce Ketare in gaida mahaifiyata. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Bayan gaisuwa na kwashe labarin duka na faɗa mata, har da ɗan ƙari inda Turancina ya gaza. Ta ajiye rariya ta ce, "To tun da kuka taso, wa ya yi mashi gaisuwa?"

Na ce, "Inna, ai ba a nan aka yi rasuwar ba."

Ta ce, "Ba shi na tambaye ka ba. Can ka ce sun kore shi. Nan kuma kai ka maishe shi kayan mota. Mi ya rage mashi?"

Ta yafa mayafi ta nufi gidan yayanta, wanda shi ne limamin unguwarmu. Na bi ta a baya. Baba Liman ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "Tunda ba Musulma ba ce, addu'ar mamaci ba tamu ba ce mu yi. Amma a ba rayayye haƙuri, wannan ba ya da laifi. Baƙonmu ne, ɗanmu ya kawo shi. Ka zo da shi bayan an sauko Juma'a."

Matsalar ita ce ban san yadda ake cewa ta'aziyya da Turanci ba. Na yi ta juya abin a kaina, daga ƙarshe na ce masa mahaifiyata ta gayyace shi cin abinci, kuma mutane za su zo su gaishe shi. Ya yi murna ƙwarai. Na koya masa cewa duk wanda ya ba shi hannu ya yi magana, ya amsa da "Da godiya." Ya yi ta maimaitawa a mota har ya iya.

Da muka isa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu har sun kai gindin durumi. Ban zaci jama'a za su yi yawa haka ba. Labari ya bazu a masallaci, har wasu 'yan'uwanmu na Yargoje da suka zo sallah sun biyo. Damina ce, kowa na da aiki a gona, amma suka zo. Aka zaunar da shi kusa da Baba Liman. Mutane suka shiga zuwa ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa su ba shi hannu.

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya!" in ji shi, baki har kunne.

"Ashe haka Allah ya yi ikonsa. Allah ya ba da dangana."

"Da godiya!" Har da jijjiga wa mutum hannu da ƙarfi, yana dubana yana ɗaga gira, wai in ga ya iya Hausa.

Na ga dattawa suna satar kallon juna. Wani tsoho ya matso kusa da ni ya ce, "Allah sarki, abin ya taɓa mashi kai." Na gyaɗa kai, don ni ma bayanin da na iya yi wa kaina ke nan. Daga cikin gida kwanuka suka fara fitowa, tuwon dawa da miyar kuka, dambu, fura da nono daga maƙwabta. Ya ce mini bai taɓa ganin karamci irin wannan ba, amma me ya sa ba wanda ke dariya? Na ce masa al'ada ce.

Baba Liman ne ya ce a nuna wa jama'a hoton marigayiya. Baƙon ya ciro da sauri. Hoto ya zaga hannu zuwa hannu, ana "Allah sarki", ana tausaya wa yaran. Da ya dawo hannun Liman, ya kai shi kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Tambaye shi, wane ne wanga da ya dafa ta?"

Na tambaya. Wannan karon ya faɗa a hankali, tiryan-tiryan, babu inda zan laƙa wa hanci laifi. Mijinta ne.

Na ce, "Baba, ya ce wai mijinta ne."



Liman ya ce, "To shi fa?"

Na tambaye shi, shi wane ne a wurinsu? Ya bugi ƙirji cikin alfahari ya ce shi ya yi su. Dukkansu, uwar da uban da yaran, daga kansa suka fito. Kalmar da ya yi amfani da ita na san ta, a ajin addini na Turawan mishan na taɓa jinta, kuma ba kalmar da ake jingina wa ɗan Adam ba ce. Na sassauta ta iya iyawata na ce, "Ya ce shi ya yi su."

"Ya yi su? Ya haife su dai?"

"A'a, Baba. Har da uwar da mijin."

Wani ya ce "A'uzubillahi" da ƙarfi. Aka fara gunaguni. Baƙon yana ta dubanmu yana murmushi, bai san komai ba. Ni kuwa na rasa abin da ke mini daɗi. Ban san ko mahaukaci na kawo ƙofar gidanmu ba, ko mai saɓo, ko kuwa ni ne na haukace.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya, sai ga jami'in nan na gidan talabijin ya fito, takalminsa duk ƙurar siminti. A gidan saukar baƙi aka faɗa masa inda muke. Ya yi sallama ya dubi tabarmi da kwanuka ya ce, "Wa ya rasu?" Na ja shi gefe na faɗa masa. Ya karɓi hoton ya duba, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Da ya ɗago ya ga fuskokin dattawa, dariyar ta maƙale.

Ya durƙusa gaban Liman ya ce, "Allah gafarta Malam, an samu kuskuren fahimta. Wannan mata ba matarsa ba ce."

"Mun ji. Matar wancan ce."

"Shi ma ba mijinta ba ne. 'Yan wasa ne. Yaran ma ba nasu ba ne, kowa da iyayensa. Gidan nan da kuke gani ba gida ba ne, katako ne aka kafa, bango uku gare shi. Shi wannan baƙo shi ya ƙirƙiro labarin, shi ke rubuta abin da za su faɗa, duk mako mutanen ƙasarsu su kalla."

Liman ya ce, "Yaro, bi ni a hankali. Ta mutu ko ba ta mutu ba?"

"Ta mutu, Malam."

"To."

"Amma ta gasken ce ta mutu. Ta cikin wasan tana nan da ranta, an ba wata ta ci gaba."

"An ba wata mi?"

"An ba ta ta zama ita."

Wani maƙwabcinmu, mutum mai zafin rai, ya miƙe yana kaɗe rigarsa ya ce, "Ashe gaisuwar wasan kwaikwayo muka baro gonakinmu muka zo? Kai kuma da ake cewa kana jin Turanci!" Wasu suka fara neman takalmansu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba kaina nake ji ba, mahaifiyata nake ji, wadda ta bi gida-gida ta tara mutane a kan maganata.

Shi kuma jami'in ya juya yana yi wa baƙon bayanin ko wane irin taro ne wannan, da ma'anar abin da ake ta faɗa masa yana amsawa da dariya. Ina kallon fuskarsa. Murmushin ya tafi a hankali. Ya dubi tabarmin, ya dubi kwanukan, ya dubi tsofaffin da suka durƙusa masa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Sai muryar mahaifiyata ta fito daga bakin zaure, inda ta tsaya tana jin komai. Ba ni ta yi wa magana ba wannan karon, jami'in ta kira. Ta ce, "Ɗan nan, tambayar mani shi. Ita ta gasken, wadda aka rufe, ya san ta ko kuwa?"

Jami'in ya tambaya. Baƙon ya soma magana, shi kuma yana juyawa da Hausa, kuma a ranar ne na fara jin labarin mutumin nan cikakke.

Ya ce ya san ta tun suna matasa, lokacin ba wanda ya san su, ita tana waƙa a coci tana aikin gidan abinci, shi yana yawon sayar da barkwanci. Da aka ba shi damar yin shirinsa, uwar da ya rubuta a ciki mahaifiyarsa ce ya kwaikwayo, kuma ya ce ba wadda za ta yi ta sai wannan mata, ko da manyan kamfanin sun so wata. Ya ce in ya rubuta magana ba ta yi ba, sai ta jefo masa takardar ta ce babu uwar da ke magana haka, ya je ya sake. Takan dafo abinci daga gida ta ciyar da kowa har masu share wurin. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu, ita ta zo ta zauna da shi. Da ita kuma ta rasu, abin da ya roƙa kawai shi ne a bar shi ya rubuta mutuwar uwar a cikin wasan, yaran su yi kuka, masu kallo su yi kuka, a yi mata sallama yadda ya kamata. Manya suka ce mutuwa ba ta sayar da sabulu, su kuwa da tallar sabulu suke ci. Ranar jana'izar suka kira shi taro. Ya shiga yana ganin zai gama da su ya je ya riski binnewa. Ya tsaya gardama. Kafin ya fito an rufe ta, shi kuma ba shi da aiki.

Ya ce tun daga lokacin babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Ba mijinta ba ne, ba ɗan'uwanta ba ne, ba wanda ya ga dalili.

Jami'in ya kai ƙarshe. Mahaifiyata ta ce, "To mi ake ta jayayya a kai? Mutum ya yi rashi."

Baba Liman ya gyara murya. Ya ce, "Ni dai har yanzu ban gane gida mai bango uku ba, kuma ban gane yadda ake ba wata ta zama wata ba. Wannan sai ku 'yan boko. Amma mace ta mutu, wanga bawan Allah kuma nata ne." Ya juya ya miƙa wa baƙon hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri?"

Baƙon ya buɗe baki zai ba da amsar da na koya masa, ta ƙi fita. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dattijo ne mai furfura, ya zo daga wata uwa duniya, ya zauna kan tabarmar mahaifiyata yana kuka kamar yaro. Maƙwabcin nan mai zafin rai, wanda har ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ya cire ya dawo ya durƙusa, shi ne na biyu. Haka aka sake gaisuwar tun daga farko, kowa ya sake bin layi. Har la'asar ana zaune.

Da jama'a suka watse na shiga gida na tarar da mahaifiyata tana ware kwanukan maƙwabta. Na ce, "Inna, ke kin gane abin da ya faru kuwa?"

Ta ce, "Ban gane ba. Kai ka gane?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To ɗauki wannan ka kai gidan Liman."

Washegari na maida su Kaduna. A hanya bai yi tambaya ko ɗaya ba, bai kuma ba ni labari ba, sai da muka kusa shiga gari ya dafa kafaɗata ya ce, "Da godiya," a hankali, yadda ake faɗarta. Ya yi 'yan watanni yana koyarwa, ya koma ƙasarsu. Daga baya jami'in ya ce mini ya ji wani kamfani ya ɗauke shi ya fara sabon shiri, amma bai san ko ya karɓu ba. Ni dai ban taɓa ganin aikinsa ko na minti ɗaya ba, kuma a Ketare an daɗe ana tsokanata, in na yi magana a ce, "A bari tafinta ya gama tukuna."

Yanzu na tsufa, na kalli wasanni iri-iri, na san akwai masu rubutawa a bayan fage, na san ana sauya ɗan wasa a ci gaba. Duk da haka in na zauna ina tuna ranar, sai in rasa wa muka yi wa gaisuwa. Matar da aka rufe ce, ko uwar da aka hana shi binnewa a cikin wasan, ko tasa mahaifiyar, ko aikin da aka ƙwace masa? Na tambayi kaina har na gaji, ina jin shi ma da za a tambaye shi ba zai iya warewa ba.

Abu ɗaya dai ya sauya a wurina. Da can in aka ce wane yana makoki, sai na fara binciken mene ne haɗinsa da mamacin, in auna ko ya kai in je. Tun daga Juma'ar nan na daina aunawa. In na ji mutum ya yi rashi, takalmina kawai nake nema.